Yadda ake ƙara ingancin farantin sola na siririn silikon

Farantin sola na siririn silikon ba daga dunƙulen silikon ake yanko shi ba kamar farantin da aka fi sani. Ana tarwatsa silen ne, wani gas mai ɗauke da silikon da haidirojin, a cikin filasma, wato gas da lantarki ya kunna, a ɗakin da aka zuƙe wa iska, sai silikon ya riƙa kwanciya a hankali a kan gilashi ko siririn ƙarfe ko roba, har ya yi kaurin da bai wuce mikiromita biyu ko uku ba (mikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali yankakken silikon na farantin da aka saba da shi ya zarce mikiromita 100. Wannan sirantakar ita ce fa'idarsa, domin kayan da yake ci kaɗan ne kuma zafin da ake ƙera shi a kai bai cika wuce digiri 200 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma ita ce tushen rauninsa. Ingancin da ake magana a kai shi ne kason hasken rana da farantin ke mayarwa lantarki, ana auna shi da haske mai ƙarfin wat 1000 a kowace murabba'in mita, farantin yana kan zafin digiri 25. A wannan ma'auni faranti mai hawa ɗaya na silikon mara tsari, wato wanda atam ɗinsa ba a jere suke kamar na kiristal ba, yakan tsaya a kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, mai hawa biyu, wato matakai biyu masu shan haske ɗaya a kan ɗaya, yakan kai kashi 9 zuwa 10, farantin silikon mai kauri na yau kuwa ya haura kashi 20. Bayanin da ke tafe ya shafi mai aiki a ɗakin gwaji ko masana'anta da farko, daga baya kuma mai kafa faranti da mai amfani da shi.

Tantance adadin da ake nema

Kafin a taɓa komai a na'ura, wajibi ne a tsayar da magana a kan wane inganci ake son ɗagawa, domin wannan nau'in silikon yana da adadi biyu: na ranar farko, da na bayan haske ya raunana shi. David Carlson da Christopher Wronski sun ƙera sel (ɗan yankin da ke mayar da haske lantarki, wanda ake jerawa ya zama faranti) na farko na silikon mara tsari a ɗakin binciken kamfanin RCA a Amurka a 1976, da ingancin kashi 2.4, shekara guda bayan Walter Spear da Peter LeComber na Jami'ar Dandi a Sikotilan sun nuna cewa ana iya sarrafa halayensa na lantarki ta hanyar saka masa boron ko fosforas. A 1977 David Staebler da Wronski suka gano cewa hasken da ake son kayan ya sha shi ne kuma yake raunana shi. Atam ɗin silikon a nan ba a jere suke ba, don haka wasu hannayensu na haɗi sukan rasa abokin riƙo, kuma haidirojin da ke cikin kayan, kimanin kashi 10 na atam ɗinsa, shi ke toshe yawancin waɗannan hannaye. Idan haske ya daɗe yana dukan kayan sai wasu haɗe-haɗe masu rauni su tsinke, yawan lahani ya ninka wajen sau goma, kuma kowane lahani tarko ne da ilektiron ke faɗawa kafin ya isa waya. Raguwar tana da sauri a makonnin farko, daga nan ta lafa ta tsaya, kuma takan ci tsakanin kashi 10 zuwa 30 na ƙarfin da sel ɗin ya fara da shi, gwargwadon yadda aka ƙera shi. Idan aka gasa sel ɗin a wajen digiri 150 na ɗan lokaci yakan dawo da ƙarfinsa, amma da ya koma rana sai raguwar ta sake farawa.

Saboda haka duk canjin da aka yi a girki, wato aikin kwantar da silikon a kan gilashi, a auna shi bayan jiƙa sel ɗin da haske, kuma al'adar masu bincike ita ce awa 1000 a ƙarƙashin hasken da ya yi daidai da cikakkiyar rana, a zafin digiri 50, ba a haɗa sel ɗin da komai ba. Na jaddada wannan ne domin akwai gyare-gyare da dama da ke ɗaga adadin ranar farko su kuma rage na ƙarshe, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne ƙara kauri. Wanda ya yanke hukunci da awon ranar farko zai iya shafe watanni yana bin hanyar da ba ta ɓullewa.

Shimfiɗar tsakiya

Sel ɗin shimfiɗa uku ne a jere. Ta sama mai boron ce, ana ce mata p, ta ƙasa mai fosforas, ana ce mata n, ta tsakiya kuma ba a saka mata komai ba, ana ce mata i. Shimfiɗun p da n ba sa samar da lantarkin kirki, aikinsu shi ne kafa filin lantarki da ya ratsa ta tsakiya, wanda zai ja ilektiron zuwa gefe guda, ya ja gurbin da ya bari zuwa ɗaya gefen. Idan ta tsakiya ta yi kauri za ta sha haske da yawa, amma filin zai yi rauni, tafiyar ta yi nisa, tarkuna su kama masu tafiya a hanya, musamman bayan haske ya ƙara yawan tarkunan. Idan ta yi siriri filin zai yi ƙarfi, raguwar ta yi sauƙi, amma jan haske zai ratsa ta ya wuce ba tare da an sha shi ba. Gaba kura baya sayaki ke nan, kuma abin da aka daidaita a kai bayan dogon gwaji shi ne nanomita 200 zuwa 300 ga silikon mara tsari (nanomita dubu ne ke yin mikiromita ɗaya). Shawarata ita ce a fara daga nanomita 250, a ƙera jerin samfura da ke sama da shi da ƙasa da shi, a jiƙa su duka da haske tare, sannan a zaɓa.

Bayan kauri sai nagartar kayan kansa, kuma babban makami a nan shi ne surka silen da haidirojin mai yawa yayin girki. Atam ɗin haidirojin suna share haɗe-haɗe masu rauni a fuskar da ke girma, su bar masu ƙarfi, kuma suna taimaka wa sabon silikon da ya sauko ya zagaya ya sami mazauni mai kyau kafin a binne shi. Yayin da ake ƙara surkin, akwai wani mataki da kayan ke fara haifar da ƙananan ƙwayoyin kiristal, kuma silikon mara tsari mafi juriya ga haske ana samunsa ne dab da wannan iyaka, kafin a ƙetare ta. Iyakar ba ta da lamba guda da za a kwafa daga wata na'ura, domin matsin gas da ƙarfin filasma da zafin gilashi da kaurin shimfiɗar duk suna matsar da ita, don haka kowa sai ya nemo ta a na'urarsa. Alamar an ƙetare ita ce boltejin sel ɗin ya faɗo daga wajen bolt 0.9 zuwa ƙasa ba zato.

Awo da hasken infrared, wanda ke bayan ja kuma ido ba ya gani, yana nuna yadda haidirojin ya zauna a cikin kayan. Idan atam ɗin silikon ɗaya yana riƙe da haidirojin ɗaya a cikin kaya mai matsi, alamar tana fitowa a wajen 2000 a kowace santimita, idan kuwa haidirojin ya taru a bangon ƙananan ramuka, tana fitowa kusa da 2090. Duk lokacin da ta biyun ta yi girma, a sa rai da raguwa mai tsanani. Abin da ke haifar da ita shi ne gaggawa: ƙarfin filasma mai yawa yana sa ɓaraguzan silen su haɗu da juna tun suna cikin gas, su zama manyan ƙwayoyi har da ƙura, su faɗo cikin shimfiɗar. Masu bincike a cibiyar AIST ta Japan sun sanya raga tsakanin filasma da gilashi domin ta tare waɗannan ɓaraguzai, kuma ta haka suka kai ingancin kashi 10.2 bayan jiƙawa a sel mai hawa ɗaya, sai dai girkin yana tafiya a hankali ƙwarai, abin da masana'anta ba za ta iya jurewa ba. Darasin da ke ciki shi ne a rage saurin girkin shimfiɗar tsakiya iyakar abin da lissafin samarwa zai yarda. Zafin gilashi kuma a riƙe shi a kusa da digiri 200, domin ƙasa da haka sosai kayan yakan yi sako-sako, sama da haka sosai kuma haidirojin yakan tsere, boron ɗin shimfiɗar p ya bazu inda ba a so.

Ba zai yiwu a wuce nan ba a ambaci haɗari ba. Silen yana kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska, gas ɗin fosfin da na daiboren da ake samun fosforas da boron daga gare su kuma guba ne masu kisa ko da kaɗan. Wannan aiki ne na wurin da ke da na'urorin gano yoyo da bututun fitar da gas da ma'aikata masu horo, ba abin gwadawa a gida ba.

Tsare haske a ciki

Tunda an tilasta wa shimfiɗar zama siririya, sai a sa haske ya yi doguwar tafiya a cikinta, kuma a ganina a nan ne mafi yawan ribar take. Idan fuskokin sel ɗin sumul suke, haske zai shiga a miƙe, ya bugi bayan, ya dawo ya fice, tafiyarsa duka ninki biyu na kaurin. Idan kuwa fuskar tana da ƙananan tuddai da kwaruruka masu girman da ya yi kusa da tsawon zangon hasken, wato ɗaruruwan nanomita, sai hasken ya watse ya shiga a karkace, kuma wanda ya karkata sosai ba ya iya fita, sai ya yi ta kai da komo tsakanin sama da ƙasa har a shanye shi. Eli Yablonovitch ya nuna a 1982 cewa iyakar wannan tsawaitawa ita ce ninki huɗu na murabba'in ma'aunin karya haske na kayan (lambar da ke nuna yadda kaya ke tanƙwara haske idan ya shige shi), wanda ga silikon ya kama wajen sau 50. Babu sel na gaske da ya kai wannan iyaka, amma tazarar da ke tsakanin 2 da 50 tana nuna girman filin da ke akwai.

Tuddan ana yin su ne a shimfiɗar da ke tsakanin gilashi da silikon, wadda dole ta bar haske ya wuce kuma ta ɗauki lantarki. Hanyoyi uku ne suka yi fice. Akwai oksayid na kuza mai fulorin, wanda kamfanin Asahi na Japan ya shahara da shi, yana fitowa da tuddansa tun daga girki. Akwai oksayid na zink mai boron da aka bunƙasa a Noshatel ta Suwizalan, wanda ke tsirowa da siffar ƙananan dala. Akwai kuma oksayid na zink mai alminiyum da cibiyar bincike ta Yulik a Jamus ta ƙware a kai, wanda ake shimfiɗa shi sumul sannan a tsoma shi cikin ruwan asid na haidirokulorik mai rauni, kimanin kashi 0.5, na ɗan gajeren lokaci, sai ya fito da ramuka masu faɗin baki. Oksayid na kuza yana da illa guda da ya kamata a kiyaye: filasma mai haidirojin da yawa tana zare masa oksijin, ya yi duhu, don haka idan za a ɗora masa girki mai surki sosai a fara rufe shi da siririn oksayid na zink.

Akwai ciniki biyu a wannan shimfiɗa da ba a kauce musu. Na farko tsakanin ɗaukar lantarki da barin haske ya wuce ne. Ƙara mata boron ko alminiyum yana rage turjiyarta, amma ilektiron ɗin da suka yawaita a cikinta suna shan hasken da ke bayan ja, wanda shi ne ake wahalar tsarewa. Abin da aka fi so shi ne kaya mai ilektiron kaɗan masu saurin tafiya, kuma turjiyar da aka saba nema ita ce wajen om 10 a murabba'i. Ciniki na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Tuddai masu tsini da kwaruruka masu kaifin gindi sun fi watsa haske, amma silikon da ke girma daga bango biyu na kwari yakan haɗu a tsakiya bai manne da kyau ba, ya bar wata tsaga mai sako-sako da ta taso daga gindin kwarin har sama. Lantarki yana yoyo ta wannan tsaga, oksijin da danshi suna shiga ta cikinta daga baya, sai a ga karan, wato yawan lantarkin da ke gudana, ya ƙaru amma boltej da cikar layin awo, wato yadda sel ke riƙe boltej da karan tare yayin aiki, sun faɗi, an gudu ba a tsira ba. Maganin da aka samo a Noshatel shi ne goge fuskar da filasmar agon kafin a ɗora silikon, ta yadda gindin kwarin zai zagaye maimakon tsini. Ana rasa ɗan watsa haske, ana samun riba mafi yawa a boltej. Duk wanda ya canza fuskar gilashinsa, kada ya tsaya ga karan kaɗai, ya duba adadin uku tare.

A bayan sel ɗin ana buƙatar madubi. Azurfa ta fi alminiyum mayar da haske, amma idan ta taɓa silikon kai tsaye a fuska mai tuddai takan sha wani kaso na hasken da kanta, don haka a sanya oksayid na zink mai kaurin nanomita 80 zuwa 100 a tsakaninsu, wanda kuma yake hana ƙarfen kutsawa cikin silikon. Wasu masana'antu sun bar ƙarfe gaba ɗaya, suka yi amfani da oksayid na zink mai kauri da farar takardar roba a bayansa. A gaba kuma, fuskar gilashi tana mayar da kimanin kashi 4 na hasken tun bai shiga ba, kuma shafin hana ƙyalli yana ceto mafi yawansa. A zaɓi gilashi mai ƙarancin ƙarfe a cikinsa, domin gilashin taga na gama-gari, mai koren baki, yana shan jan haske.

Tagar shiga

Haske yana shiga ta gefen p ne, saboda gurbi ya fi ilektiron nauyin tafiya, kuma tunda mafi yawan hasken ana shan sa kusa da inda ya shiga, gara gurbin ya zama shi ne mai gajeriyar hanya. Duk hasken da shimfiɗar p ta sha asara ce, musamman shuɗi, don haka a bar ta a wajen nanomita 10, a kuma gauraya ta da kabon domin ta ƙara haske, dabarar da ƙungiyar Yoshihiro Hamakawa ta Jami'ar Osaka ta gabatar a farkon shekarun 1980. Daga baya an koma ga oksayid na silikon mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ya fi barin haske ya wuce kuma yake dakushe illar tsagogin da aka ambata. Boron da ya rage a bangon ɗakin girki yakan gurɓata farkon shimfiɗar tsakiya, don haka ko dai a ware wa kowace shimfiɗa ɗakinta, ko a wanke ɗakin da kyau tsakanin p da i.

Ɗora hawa a kan hawa

Silikon mara tsari yana da tazarar makamashi, wato mafi ƙarancin makamashin da haske zai zo da shi kafin kayan ya sha shi, ta kimanin ilektiron-bolt 1.7, ma'ana ba ya ganin hasken da zangonsa ya wuce wajen nanomita 750. Idan aka ƙetare iyakar surkin haidirojin da gangan, ana samun silikon mai ƙananan ƙwayoyin kiristal, mai tazarar 1.1, wanda ke shan haske har zuwa nanomita 1100 kuma haske ba ya raunana shi sosai. A 1994 ƙungiyar Arvind Shah da Johannes Meier a Jami'ar Noshatel ta ɗora na farko a kan na biyu a sel guda. Na sama yana shan shuɗi da kore ya ba da wajen bolt 0.9, na ƙasa yana shan ja da abin da ke bayansa ya ba da wajen bolt 0.5, jimilla kusan 1.4. Wannan shi ne mataki mafi girma da mai sel mai hawa ɗaya zai iya ɗauka.

Hawan ƙasa yana da nasa sharuɗɗa. Ba ya shan haske da ƙarfi, don haka yana buƙatar kaurin mikiromita 1 zuwa 3, kuma girka wannan kauri da filasmar da aka saba, mai megahaz 13.56, yana cin lokaci mai yawa. Filasma mai saurin kaɗawa, daga megahaz 40 zuwa sama, tana hanzarta girkin tare da rage dukan da ayon, wato atam masu caji na cikin filasma, ke yi wa fuskar, haka ma ɗaga matsin gas tare da barin filasma ta cinye kusan duk silen ɗin da ya shiga. Mafi kyawun kaya a nan ma yana kusa da iyaka, amma ta ɗaya gefen, inda awon Raman, da ake yi da hasken lesa, ke nuna kiristal ya kama kashi 50 zuwa 70 na kayan, sauran kuma silikon mara tsari ne da ya cike tsakanin ƙwayoyin ya toshe lahanin gefensu. Kason kiristal yakan ƙaru yayin da shimfiɗar ke kauri, don haka a riƙa ƙara silen kaɗan-kaɗan a tsawon girkin domin a riƙe shi wuri guda. Oksijin babban abokin gaba ne, domin yana karkatar da shimfiɗar tsakiya ta zama kamar n, ya lalata filin lantarki, kuma alamarsa ita ce raunin amsa ga jan haske. A toshe yoyon ɗakin, a sanya matatar gas a bakin shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne daidaita karan. Hawa biyun a jere suke, kamar bututu biyu da aka haɗa baki da baki, ruwan da zai wuce ba zai fi abin da mafi ƙanƙantarsu ya bari ba. Yawanci hawan sama ne ke gazawa, kuma ba za a ƙara masa kauri ba saboda dalilin da aka riga aka faɗa. Mafita ita ce a sanya siririn madubi a tsakanin hawan biyu, shimfiɗa mai ma'aunin karya haske na wajen 2, mai kaurin gomman nanomita, wadda za ta mayar wa na sama wani kaso na hasken, ta bar ja mai nisa ya wuce ƙasa. Oksayid na silikon mai fosforas ya fi oksayid na zink dacewa a wannan gurbi, saboda ana girka shi a na'ura guda da sauran, kuma ba ya ɗaukar lantarki a kwance, balle ya haɗa wuraren yoyo da juna. Ana gane kason kowane hawa ta awon amsar sel ga kowane launi, ana haska ɗaya hawan da fitila mai launin da zai cika shi domin wanda ake aunawa ya zama mai iyakancewa. A yi wannan awon bayan jiƙawa, kuma sau da yawa ƙarfi mafi yawa yana fitowa ne idan hawan ƙasa ya ɗan gaza na sama, tunda shi ne mai juriya.

Hawa uku yana ƙara riba. Kamfanin United Solar na Amurka ya kai kashi 13 bayan jiƙawa a 1997, da hawa biyu na ƙasa da aka gauraya da jamaniyum, a kan siririn ƙarfe mara tsatsa, kuma AIST ta kai kashi 14.0 a 2016 da hawa ɗaya mara tsari da biyu masu ƙananan ƙwayoyi, a kan fuska mai tsarin saƙar zuma. Waɗannan ƙananan sel ne na ɗakin gwaji. A cikakken faranti mai faɗin murabba'in mita 1.43, kamfanin TEL Solar ya kai kashi 12.3 a 2014. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan ita ce iyakar da fasahar ta tsaya, kuma faɗuwar farashin silikon mai kauri ta rufe masana'antu da yawa, ciki har da United Solar a 2012. Amma ilimin bai tafi a banza ba, domin 'yan nanomita na silikon mara tsari da ake shafa wa fuskokin yankakken silikon su ne suka kai kamfanin Kaneka ga kashi 26.7 a 2017, kuma siririn silikon yana nan da amfaninsa inda ake son faranti mara nauyi, ko mai lanƙwasa, ko mai aiki da hasken cikin ɗaki.

Daga sel zuwa faranti

Ana raba babban gilashi zuwa dogayen sel masu faɗin milimita 5 zuwa 10 da zanen lesa uku: na farko yana yanka shimfiɗar gaba, na biyu yana buɗe silikon domin bayan wannan sel ya taɓa gaban na kusa da shi, na uku yana yanka shimfiɗar baya. Filin da zanen uku suka mamaye ba ya samar da komai, don haka a matso da su kusa da juna iyakar daidaiton na'ura. Faɗin sel kuma ciniki ne, domin mai faɗi yana rage yawan zane amma yana ƙara asarar turjiya. Ƙura ɗaya da ta faɗo kafin girki tana iya barin huda da za ta haɗa gaba da baya, saboda haka tsabtar gilashi da ta ɗakin girki suna cikin inganci kai tsaye. Ƙananan hudoji ana ƙona su ta hanyar ba kowane sel ɗan boltej a juye. A share shimfiɗun daga bakin gilashi kimanin santimita ɗaya kafin a manne murfin baya, domin danshi kada ya sami hanya.

Bayan an kafa shi a rana

Mai kafa faranti ba zai canza abin da ke cikin gilashi ba, amma yana da iko a kan abin da zai fito daga gare shi. A fuskantar da shi wajen tsakiyar duniya, kudu ga wanda ke arewacinta, arewa ga wanda ke kudancinta, da karkata kusa da latitud ɗin wurin, kuma kada ta gaza digiri 10 domin ruwan sama ya iya wanke shi. Abin da aka fi mantawa shi ne alkiblar dogayen sel ɗin. Inuwar da ta ratsa dukkansu a gicciye tana rage ƙarfi ne gwargwadon girmanta kawai, amma wadda ta kwanta a kan sel ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa tana shaƙe farantin duka, tana kuma iya yi wa sel ɗin lahani na dindindin. Tunda ƙura tana taruwa a gefen ƙasa, kuma inuwar layin gaba ta nan take hawowa, a kafa farantin yadda layukan za su taso daga ƙasa zuwa sama.

Boltejin waɗannan faranti yana da yawa, sau da yawa ya wuce bolt 60, wasu sun haura 100, don haka kontirolar caji mai bin matsayin ƙarfi mafi girma, wadda ake sayarwa da sunan MPPT, ita ce ta dace, mai sauƙin nan ta PWM za ta zubar da mafi yawan ƙarfin. Adadin da ke jikin takardar faranti na bayan jiƙawa ne, a makonnin farko zai iya ba da ƙarin kashi 15 ko fiye, da boltej mafi girma, kuma dole inbata, mai mayar da lantarkin faranti irin na gida, da kontirola su iya ɗaukar wannan. Idan farantin irin wanda aka girka a kan gilashin gaba ne, akwai haɗarin sodiyum na cikin gilashi ya tsallaka zuwa shimfiɗar gaba idan sel ɗin suna da boltej na ƙasa da sifili dangane da ƙasa, ya haɗu da danshi ya cinye ta daga baki. Wannan ne ya sa masana'antu da yawa suka wajabta haɗa wayar nagatif da ƙasa, abin da ke buƙatar inbata mai taransifoma, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa idan ya faru.

Zafi ba ya cutar da shi kamar sauran. Silikon mara tsari yana rasa kimanin kashi 0.2 na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25, silikon mai kauri kuwa yakan rasa kusan ninki biyu na haka, kuma zafin watannin bazara yana warkar da wani ɓangare na lahanin da haske ya yi. Duk da haka a bar sarari a bayansa domin iska, saboda manne da akwatin waya da hawan ƙasa duk sun fi son sanyi. A wanke shi da sassafe da ruwa mara gishiri da tsumma mai laushi, kada a watsa ruwan sanyi a gilashi mai zafi, domin yawancin irin waɗannan faranti gilashinsu ba mai tauri ba ne, kuma a ɗaure su da maƙalai masu roba a wuraren da masana'anta ta nuna. Idan za a gwada lafiyarsa, a auna boltej da karan da tsakar rana mai haske bayan wankewa, a rubuta zafin farantin da kwanan wata, a kuma kwatanta awon da na watan da ya yi daidai da shi a bara, domin ƙarfinsa yana hawa da sauka da yanayin shekara, kuma kwatanta awon sanyi da na zafi zai sa a zargi faranti mai lafiya.